Filin Lafiyarku: Me ke sa jijiyar jini ta saki, me ke sa ta matse?

Assalamu alaikum. Saƙonnin da suka iso ni nan Gusau a wannan karon, daga Talata Mafara har Anka, kusan duk a kan jijiyoyin jini suke, ko da wasu masu tambayar ba su ambaci jijiya ba. Shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya. Wasu na taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifina ya haura shekara sittin, an auna shi an ce jininsa ya kai 170 bisa 100. An rubuta masa amlodifin, amma ya ce shi jini ne ya yi masa yawa, a kira wanzami a yi masa ƙaho a rage. Ma'aikacin asibiti kuma ya ce jijiyoyinsa ne suka matse. Ta yaya jijiya za ta matse alhali ba wanda ya ɗaure ta? (Malamin firamare, Talata Mafara)

Amsa: Malam, Allah ya ba Baba lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri. Maganar Baba tana da ɗan tushe, don haka kada ka tsaya yi masa gardama. Babban mutum yana da jini wajen lita 5, kuma idan gishiri ya yi yawa a abinci ƙoda tana riƙe ruwa, jinin ya ɗan ƙaru. Amma a yawancin masu hawan jini, babban aikin yana can cikin ƙananan jijiyoyi, waɗanda faɗin wasunsu bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba.

Jijiyar jini abu ne mai rai. A bangonta akwai tsoka da ta nannaɗe ta, kuma tsokar nan ba ta taɓa saki gaba ɗaya. Dare da rana a ɗan damƙe take, tana ƙara damƙa ko ta sassauta gwargwadon saƙon da ya zo mata. Kai da ke Mafara ka san magudanan Bakalori: ruwan da ke fitowa daga madatsa ɗaya ne, amma in an tsuke bakin ƙananan magudanai, sai ya taru a babbar hanya yana dukan bango, gonakin ƙarshe kuma su rasa. Wani likitan Faransa mai suna Poiseuille ya yi lissafin wannan tun a shekarun 1840. Idan faɗin bututu ya ragu da rabi, wahalar tura ruwa ta cikinsa tana ninkuwa sau 16. Ko kashi 10 cikin 100 kawai faɗin ya ragu, wahalar ta ƙaru da fiye da rabi. Ka ga ɗan tsukewar da ido ba zai gani ba ta isa ta kai awon Baba 170.

To wa ke gaya wa tsokar ta saki? A cikin kowace jijiya, daga babbar da ke fita daga zuciya har zuwa mafi sirantaka, akwai wata shimfiɗa da jini ke gudana a kanta. Kaurinta ƙwayar halitta ɗaya tak. Likitoci suna kiranta endotiliyam. An daɗe ana ɗaukarta a matsayin abin da ke sa cikin jijiya ya yi santsi kawai. A 1980 Robert Furchgott da abokin aikinsa John Zawadzki, a birnin Niyok na Amurka, suka buga sakamakon gwajin da suka yi da babbar jijiyar zomo. Akwai wani sinadari, asetilkolin, wanda in an yi wa dabba allurarsa jijiyoyinta suna buɗewa, amma in an yanko jijiyar an saka a kwalbar gwaji an ɗiga mata shi, sai ta ƙi saki, har ma ta matse. An yi shekaru ana mamakin haka. Ashe wajen shirya jijiyar ana goge cikinta ba da sani ba, shimfiɗar ta saluɓe. Da suka kiyaye ta, sai jijiya ta saki. Suka ɗauko guntun da aka kankare wa shimfiɗa suka manna shi da mai shimfiɗa, shi ma ya saki. Wato shimfiɗar tana fitar da wani abu da ke ratsawa ya iske tsoka.

Sai a 1986 da 1987 aka tabbatar cewa abin iska ce mai suna naitirik oksaid, wadda ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi kafin ta lalace. A 1998 aka ba Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel a kan wannan. Salvador Moncada, ɗan ƙasar Honduras da ke aiki a Ingila, wanda gwajinsa na 1987 yana cikin waɗanda suka warware maganar, ba a sa shi ciki ba, kuma ni ina cikin masu ganin ba a kyauta masa ba.

Abin da ya shafi Baba a nan shi ne, shimfiɗar nan tana gajiya. Hayaƙin taba, sukari mai yawa a jini, kitse, gishiri, tsufa, da hawan jinin kansa duk suna rage iskar da take fitarwa. Abin da ke tada ta kuwa shi ne gudun jini a kanta: duk lokacin da mutum ya yi tafiya mai ɗan sauri, jinin da ke gogar shimfiɗar yana sa ta ƙara fitar da naitirik oksaid. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. In Baba yana iya takawa zuwa masallaci ko gona, kada jikoki su riƙa ɗaukarsa a babur don tausayi.

Amlodifin ɗin da aka rubuta masa yana aiki ne a kan tsokar kai tsaye. Tsoka ba ta damƙa sai kalsiyam ya shiga cikinta ta wasu ƙofofi, shi kuma maganin yana toshe ƙofofin. Yakan ɗauki wajen mako guda ana sha kullum kafin ya zauna sosai a jiki, don haka kada a yanke masa hukunci a kwana biyu. Wasu yakan sa musu ciwon kai da farko, wasu kuma idon sawunsu ya kumbura, domin jijiyoyin da ke kai jini ƙafa sun buɗe fiye da masu dawo da shi. In haka ta faru a koma wa likita ya rage ko ya haɗa da wani. Zaɓen maganin kuma ya dace da mu: wani bincike da Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka 6, aka buga a 2019, ya nuna cewa haɗin magani biyu mai amlodifin a ciki ya fi sauke jinin baƙar fata a kan haɗin da babu shi.

Batun ƙaho, ba zan ce wa dattijo ya bar abin da ya gada kuma yake girmamawa ba. Sai dai jinin da ƙaho ke cirewa kaɗan ne, jiki yana mayar da shi, kuma tsokar jijiya tana nan a damƙe yadda take. In zai yi, a tabbatar aska sabuwa ce saboda ciwon hanta, kuma ya ci gaba da shan maganinsa a ranar ƙahon da kowace rana. Awon 170 bisa 100 da aka bari haka shi ke kawo shanyewar ɓarin jiki.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun aikin jinya. A aji an ce mana buɗewar ƙofofin fotasiyam tana sa jijiya ta saki. A wani littafi kuma na karanta cewa masu bincike suna zuba fotasiyam mai yawa idan suna son jijiya ta matse. Kaina ya ɗaure. Wanne ne daidai? (Ɗaliba, Gusau)

Amsa: 'Yata, duka biyun daidai ne, kuma na ji daɗi da kika tsaya a wurin maimakon ki haddace ki wuce.

Fara da inda fotasiyam yake zaune. A cikin ƙwayar tsoka yana kai wa wajen milimol 140 a lita (milimol ma'aunin yawan sinadari ne). A waje, cikin jini, tsakanin 3.5 da 5 yake. Wani famfo ne a fatar ƙwayar ke riƙe da wannan bambancin, yana fitar da sodiyam 3 yana shigo da fotasiyam 2 ba hutawa. Jens Skou na ƙasar Denmak ya gano shi a 1957. Fotasiyam yana ɗauke da cajin lantarki na fozitib. Idan ƙofarsa ta buɗe, sai ya fita, tunda ya yi cunkoso a ciki, ya tafi da cajinsa, cikin ƙwayar ya ƙara zama negatib. Tsokar ƙaramar jijiya da ke damƙe takan zauna a wajen milibolt 40 ƙasa da sifiri a ma'aunin lantarki. In ƙofofin fotasiyam suka buɗe sai ta gangara zuwa 55 ko 60 ƙasa da sifiri. Su kuma ƙofofin kalsiyam da na ambata wa malamin Mafara, lantarkin nan suke saurara: in ciki ya ƙara zama negatib sai su rufe. Kalsiyam ya ragu, tsoka ta saki.

Yanzu ki zuba fotasiyam milimol 60 ko 80 a ruwan da jijiyar ke ciki. Bambancin ciki da waje ya ragu ƙwarai, fotasiyam ba shi da abin da zai tura shi waje ko ƙofa tana hangame. Cajin negatib ya zube, ƙofofin kalsiyam suka buɗe, jijiya ta matse. Masu bincike har gwaji suke yi da wannan: in magani ya sassauta jijiyar da aka matse da milimol 20 amma ya kasa a milimol 80, alama ce cewa ta ƙofar fotasiyam yake aiki.

Ƙofofin da ke tsokar jijiya gida huɗu ne. Akwai masu buɗewa idan lantarkin ƙwayar ya hau. Akwai manya masu jin kalsiyam, waɗanda ke buɗewa in tsoka ta fara damƙa da yawa su ja mata burki, kuma naitirik oksaid yana cikin masu taimaka musu buɗewa. Akwai masu lura da sinadarin ƙarfi na cikin ƙwaya, wato ATP: in ya ragu saboda aiki ko ƙarancin iskar oksijin sai su buɗe, jini ya ƙaru a wurin. Akinori Noma na Japan ya fara bayyana su a tsokar zuciya a 1983. Na huɗun su ne suka fi ba ni sha'awa, domin ɗan ƙarin fotasiyam a waje, zuwa wajen milimol 8 ko 10, buɗe su yake yi. Tsokar da ke aiki da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke aiki suna zubar da ɗan fotasiyam a gefensu, jijiyar da ke kusa ta ji ta buɗe. Manomin da ke huɗa, ta wannan hanya da wasu irinta jini ke ƙaruwa a damtsensa.

Ita ma shimfiɗar endotiliyam tana da nata ƙofofin fotasiyam, ƙanana da matsakaita, masu jin kalsiyam. Bayan an gano naitirik oksaid, da wani sinadarin da ya riga shi, furostasaikilin, wanda John Vane da Moncada da abokan aikinsu suka gano a 1976, sai aka lura cewa ko an toshe su biyun ƙananan jijiyoyi suna ci gaba da saki. Hanya ta ukun ita ce wannan: ƙofofin shimfiɗar suna buɗewa, ita kanta ta zama negatib, sai cajin ya ratsa zuwa tsoka ta wasu 'yan mahaɗai da ke tsakaninsu. Fotasiyam ɗin da ya fita kuma yana taruwa a ɗan tsakanin, ya buɗe ƙofofin gida na huɗu ya kuma zaburar da famfon Skou. Masu bincike a Ingila sun nuna wannan a jijiyoyin ɓera a 1998. A manyan jijiyoyi naitirik oksaid ne kan gaba, amma yayin da jijiya ke ƙara sirancewa wannan hanya ta uku ke ƙara ƙarfi, kuma a siraran ne ake yanke hukuncin awon jini. Kayan aikin da aka rarrabe ƙofofin da su ma abin a jinjina wa ikon Allah ne: afamin, daga dafin ƙudan zuma, yana toshe ƙananan, wani sinadari daga dafin kunama yana toshe matsakaitan. In an haɗa su biyu, hanya ta uku ta mutu.

Abu biyu za ki tarar a ɗakin marasa lafiya. Mai cutar da ƙwayoyin cuta suka bazu a jininsa, jikinsa yana fitar da naitirik oksaid fiye da kima, ƙofofin ATP suna hangamewa, jijiyoyi su saki gaba ɗaya, awon jini ya faɗi ko da hannunsa da ɗumi. Na biyun kuma ina roƙonki ki riƙe shi har ki yi ritaya: fotasiyam ɗin jini in ya haura 6 yana rikita bugun zuciya, don haka ba a taɓa tura fotasiyam kuloraid da sirinji kai tsaye cikin jijiya. Sai an sirka shi cikin ruwan ƙari, ya shiga a hankali, bisa rubutun likita. Ko wa ya ce ki yi sauri, kada ki yi.

Tambaya: Likita, an ce wa maigidana ya rage gishiri ya riƙa cin abinci mai fotasiyam saboda hawan jini. Maƙwabciyata ta ce ai kanwa ce, in riƙa dama masa kunun kanwa. Wata kuma ta ce zoɓo ya fi. Ina neman shawara. (Uwargida, Ƙauran Namoda)

Amsa: Hajiya, ki dakata da kunun kanwar nan. Kanwar da ake haƙowa daga busassun tafkuna na yankin Tafkin Chadi da Nijar, mafi yawan abin da ke cikinta sodiyam ne, wato ainihin abin da aka ce maigida ya rage. Ɗan abin da ake jefawa a wake ko miyar kuɓewa ba shi nake tsoro ba, amma kunun da aka dama da ita sosai ana sha kullum gishiri ne ake ɗura wa mai hawan jini. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kan yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon wuta. Binciken da aka yi daga baya ya nuna akwai wasu dalilan ma, amma nauyin da sodiyam ke ɗora wa zuciya ba a taɓa musanta shi ba.

Fotasiyam yana cikin tukunyarki tun da can: wake, dankalin Hausa, kabewa, alayyahu, zogale, kuka, tumatir, gyaɗa, dabino, ayaba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya samu aƙalla miligiram 3,510 a rana, gishiri kuma kada ya kai giram 5, wato wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin magi da burodi da busasshen kifi. Ayaba ɗaya matsakaiciya tana da wajen miligiram 400. In kin tafasa ganye kin zubar da ruwan, fotasiyam mai yawa ya bi ruwan, don haka wanda ba shi da ɗaci a dafa shi cikin miya. Amfaninsa ta hanya biyu ne: yana sa ƙoda ta fitar da sodiyam cikin fitsari, yana kuma taimaka wa jijiyoyi su sassauta. A ƙasar Sin an yi gwaji a ƙauyuka 600 da mutum kusan 21,000, aka ba rabinsu gishirin da kashi ɗaya cikin huɗunsa fotasiyam ne. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100 a cikinsu. Ki ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa ki rage magi, a hankali, don in kin cire lokaci ɗaya maigida zai ce miya ta yi lami ya nemi gishiri a gefe.

Sharaɗi ɗaya mai nauyi: in yana da ciwon ƙoda, ko yana shan lisinofiril, losatan ko sifironolakton, fotasiyam na iya taruwa a jininsa. Ki duba sunan maganinsa, kuma kada ya sha ƙwayar fotasiyam ko gishirin fotasiyam sai an gwada jininsa.

Zoɓo kuwa yana da ɗan tasiri na gaske. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka buga a 2010, masu shan kofi 3 a rana tsawon mako 6 awonsu na sama ya sauka da wajen maki 7. Wannan taimako ne ga wanda jininsa ya ɗan hau, ba ya maye gurbin magani. Kuma zoɓon da aka yi gwajin da shi ba irin na ƙullin leda ba ne da ake cika wa sukari.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni mai aski ne. Samari suna kawo mini wani ruwa, minoksidil, in shafa musu don gemu ya fito. Wani ya ce asalinsa maganin hawan jini ne. Gaskiya ne? (Mai aski, Tsafe)

Amsa: Gaskiya ne, ƙanena. Minoksidil yana buɗe ƙofofin fotasiyam na tsokar jijiya, kuma a matsayin ƙwayar hawan jini mai tsanani aka fara amincewa da shi a Amurka a 1979. Da aka ga masu shansa gashi yana fito musu, sai aka yi na shafawa a ka, aka amince da shi a 1988. Na shafawa kaɗan ne ke shiga jini in fata lafiya take. Amma kada ka shafa a fuskar da aska ta yanka ko mai ƙuraje, kuma yawan shafawa ba ya ƙara gashi. Wanda ya ji bugun zuciya, jiri ko kumburin ƙafa ya daina ya je asibiti. A ɓoye kwalbar daga yara, domin yaro in ya kurɓa jininsa zai faɗi ƙasa warwas.

Tambaya: Likita, ina da ciwon ƙirji, an ba ni wata ƙwaya da nake sawa ƙarƙashin harshe in ya taso. Kwanan nan kuma ƙarfina ya ragu wajen iyali, abokina ya kawo mini Viagra. Zan iya haɗawa? (Magidanci, Gummi)

Amsa: Alhaji, kada ka haɗa. Ina godiya da ka tambaya kafin ka sha, don maza da yawa kunya ke hana su. Ƙwayar ƙarƙashin harshen nan, ko naitirogilisarin ce ko isosobaid, a jiki tana rikiɗa ta zama naitirik oksaid. Iskar tana sa tsokar jijiya ta ƙera wani ɗan saƙo na cikin gida da ke umartarta ta saki, akwai kuma wani sinadari da aikinsa share saƙon bayan ɗan lokaci. Sildenafil, wato abin da ke cikin Viagra, mai sharewar yake ɗaurewa. Ɗaya yana ta zubo saƙo, ɗaya ya hana a share, sai jijiyoyin jiki duka su saki lokaci ɗaya, jini ya faɗi, zuciyar da dama jini bai ishe ta ba ta ƙara rasawa. An rasa rayuka ta haka. Ƙa'ida ita ce wanda ya sha sildenafil ba a ba shi naitiret, wato irin ƙwayar ƙarƙashin harshen nan, sai bayan awa 24, wanda ya sha tadalafil, ɗan'uwan sildenafil, kuma awa 48, kai kuwa ba ka san lokacin da ƙirji zai taso ba. Ka guji magungunan ƙarfin maza na tasha da na cikin shayi ko zuma, domin hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano sildenafil a ɓoye cikin irinsu.

Ka gaya wa likitan zuciyarka maganar kamar yadda ka gaya mini. Raunin nan da ciwon ƙirjin sau da yawa tushensu ɗaya, wato gajiyar shimfiɗar jijiya. Jijiyoyin gaba sun fi na zuciya sirantaka, shi ya sa a wasu mazan raunin ke riga ciwon ƙirji bayyana da 'yan shekaru. A duba maka sukari, a kuma duba magungunan da kake sha, don wasu na hawan jini suna ƙara raunin kuma ana iya canza su.

Tambaya: Likita, na yi shekaru ina daka dutsen zinare. Ban kai arba'in ba, ba ni da ƙiba, ba na shan taba, amma an ce ina da hawan jini. Ko aikin yana da hannu? (Mai haƙar zinare, Anka)

Amsa: Ɗan'uwa, yana iya zama da hannu, kuma lallai ka faɗa wa duk likitan da zai duba ka irin aikin da ka yi. Ba wanda ke Zamfara zai manta 2010, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinare da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka gano girman abin a Bagega. A lokacin hankali ya tafi kan yara, kuma haka ya dace, tunda su take kashewa da sauri. A jikin babba dalma a hankali take aiki. Tana haddasa wasu sinadarai masu cinye naitirik oksaid kafin ya isa tsoka, sai jijiya ta zauna a matse. Tana kuma lalata ƙoda, ƙodar da ta lalace kuwa tana ƙara hawan jini. Dalma tana taruwa a ƙashi ta zauna shekaru masu yawa tana komawa jini kaɗan kaɗan, shi ya sa ko wanda ya bar aikin bai rabu da ita nan take ba. A jikin mace tana fitowa daga ƙashi lokacin ciki da shayarwa ta isa ga jariri. Yaran da suka tsira a 2010 yanzu samari ne da 'yan mata, wasu sun yi aure, kuma ina ganin ya kamata a riƙa auna jininsu da ƙodarsu tun yanzu.

Kai dai ka nemi a gwada maka ƙoda, jini da fitsari, da kuma yawan dalmar jini inda ake yin gwajin. Ka sha maganin hawan jinin da aka ba ka, domin yana aiki ko dalma ce sanadi. Maganin fitar da dalma akwai shi, amma sai gwaji ya nuna ta kai matakin da ake bayarwa, kuma ba ya amfani in mutum zai koma cikin ƙurar. In kana kan aikin, a jiƙa dutsen kafin a niƙa, kada a kawo shi gida, ka yi wanka ka canza tufafi a wurin aiki, ka wanke hannu kafin cin abinci, kada a shanya hatsi ko a zuba shi a buhun da ya ɗauki dutse. A kai matarka da yaranka su ma a gwada su, kuma a daina sa wa jarirai kwallin dutse, domin shi ma akwai dalma a cikinsa.

Tambayoyin da mata masu juna biyu suka aiko a kan kumburin ƙafa da jijjiga suna buƙatar fili nasu, za su zo a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.